Falken Roni a Birnin Bankok

Mutanen ƙasar Kazaure sun daɗe da sanin sunan Tailan, amma a jikin buhun shinkafa suka san shi. In ka tambayi mai awo a kasuwar Roni ina ne ƙasar nan ta ke, iyakar abin da zai ce maka, can ne inda farar shinkafa marar tsakuwa ke fitowa. Kaɗan ne suka san ƙasa ce babba a gabashin Indiya, wadda a da a ke kira Siyam har zuwa 1939, kuma Turawa ba su taɓa mallakarta ba, ko da ya ke sun mallaki maƙwabtanta kaf. Babban birninta shi ne Bankok, a bakin kogin Cawo Faraya, kusa da inda ya ke faɗawa teku.

To, akwai wani falke mutumin Roni, shekarunsa sun ba hamsin baya, sana'arsa sayar da ɗinkakkun tufafin yara. Ya kan saro kaya a Kantin Kwari a Kano, ya kasa a rumfarsa, ran kasuwa kuma ya ɗaure a bayan babur ya kai Kazaure da ƙauyukan da ke kewaye. Shekara goma sha biyar yana haka, riba kuwa ba ta wuce ta cefane ba, don kafin riga ta iso hannunsa ta bi ta hannu uku, kowa ya yagi rabonsa. Ubangidansa na Kwari, wani dattijo wanda ya sha zuwa Bankok sarin kaya har ciwon ƙafa ya zaunar da shi, shi ne ya dube shi wata rana ya ce, "Malam, in kana da ƙarfin zuciya, ga takarda zuwa ga fatomana. Tafi ka saro a tushe."

Falke bai taɓa wuce Maraɗi ba. Ya kwana uku yana juya maganar, sa'an nan ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya haɗa da jarinsa. Abokan kasuwarsa biyu suka zuba nasu. Yayarsa kuma, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, ta kawo kwasar adashinta ƙulle a bakin zane, ta ce a juya mata. Wannan ƙullin shi ya fi kome yi masa nauyi, ko da ya ke shi ne mafi ƙanƙanta.

Shekarar kuwa 2016 ce, shekarar da naira ta faɗi warwas. Da ya je Wapa canji ya tarar dala ɗaya ta haura naira 450. Ya zube kuɗin da ya ciko jaka da su, aka miƙo masa 'yan takardu arba'in, watau dala 4,000, waɗanda ko aljihu ɗaya ba su cika ba. Ya sa matarsa ta ɗinke su cikin 'yar cikinsa. Ya yi fasfo, ya yi allurar shawara aka ba shi katinta, ya karɓo takardar shaida daga hukumar hana fataucin miyagun ƙwayoyi, gama ba a ba ɗan Nijeriya bizar Tailan sai da ita, saboda ta'asar da waɗansu ɓata-gari suka yi a can. Haka abin ya ke, wani ya ci, wani ya biya. Ran Alhamis 13 ga Oktoba, ana sauran kwana goma ya tashi, ya ji a rediyo Sarkin Tailan ya rasu. Ya ce, "Allah Sarki," ya ci gaba da shirinsa. Bai ga abin da ya haɗa rasuwar sarkin wata ƙasa da rigunan yara ba.

Daga Kano jirgi ya sauke su Adis Ababa, da tsakad dare suka shiga wani, suka yi kamar sa'a tara a sama. Da jirgi ya fara sauka falke ya leƙa ta taga, bai ga kome ba sai ruwa. Gonakin shinkafa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, suna ƙyalli kamar an fasa madubi an watsa, ga magudanai miƙaƙƙu sun ratsa su. Mutumin da ya tashi a gindin duwatsun Roni, inda a ke auna damina da kwanaki, ya ga wannan, ai dole ya yi tasbihi. Abin mamaki kuwa, in ka duba taswira, Bankok da Maraɗi kusan a kan layi ɗaya su ke, ba wadda ta fi wata nisa da tsakiyar duniya sai da kaɗan. Amma ruwan da ke sauka Bankok a shekara ya kusa ninka na ƙasar Kazaure sau biyu, birnin kuma a kan fadama aka gina shi, bai ɗara teku tudu ba sai da 'yan ƙafafu.

Agogonsa na cewa ƙarfe bakwai da rabi na safe, na bango na cewa ɗaya da rabi na rana, gama sun riga Nijeriya da sa'a shida. Ya duba wata takarda da aka manna ya ga an rubuta shekara 2559, gabansa ya faɗi, sai daga baya ya ji su da tasu ƙidayar su ke aiki, ta addinin Buda, wadda ta ɗara ta Masihiyya da shekara 543. Rubutunsu kuwa ba boko ba, ba ajami ba, baƙaƙe 44 masu 'yan zagaye kamar an jera ƙugiyoyi, kuma ba su raba kalma da kalma. Shi da ya sauke Alkur'ani, ya kuma yi yaƙi da jahilci, sai ga shi tsaye gaban allo bai iya fid da ko harafi ɗaya ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Amma akwai abin da ko makaho ya ji a jikinsa. Filin jirgin, wanda aka buɗe a 2006, ya fi garin Roni girma, cike ya ke da mutane maƙil, duk da haka shiru kamar gidan makoki. Ashe gidan makokin ne. Ma'aikata duka baƙaƙen kaya, masu shara baƙaƙe, matafiya 'yan ƙasa baƙaƙe, ko'ina ka juya ga hoton wani dattijo mai tabarau an kewaye shi da ƙyalle baƙi da fari. Falke kuwa ya ci ado da shadda ruwan ƙwai, dinkin Sallar da ta wuce, har da hula mai aiki. Ba wanda ya ce masa uffan. Kallo ɗaya su kan yi masa su sunkuyar da kai.

Da ya fito waje zafi ya rufe shi, ba irin na bazara mai ƙuna ba, wani irin gumi ne mai danƙo kamar an kifa maka tukunyar dambu. Ya miƙa wa direban tasi takardar masauki. Ya nufi ƙofar dama zai shiga, sai ya ga sitiyari, don su ta hagu su ke tuƙi. Nan ya tuna yana yaro, a 1972, sa'ad da Nijeriya ta koma hannun dama, har a ke ta waƙarsa a rediyo. Suka hau wata hanya da aka ɗora bisa ginshiƙai, ƙarƙashinta wata hanya, gefe guda jirgin ƙasa na gudu a sama da rufin gidaje. Da suka sauko cikin gari sai tafiya ta tsaya cik. Motoci ja da kore da ruwan hoda, da kekuna masu ƙafa uku irin A-daidaita-sahu waɗanda su ke kira tuk-tuk, da 'yan acaɓa masu riguna ruwan goro suna kurɗawa tsakani kamar kiyashi. Ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a birnin nan, watau kusan ninki biyu na Jihar Jigawa duka a ƙidayar 2006. Abin da ya fi ɗaure wa falke kai shi ne, suka yi rabin sa'a wuri ɗaya bai ji an busa ham ba, bai kuma ji an zagi uwar kowa ba. Ya ce a ransa, da a Kano ne, da yanzu an fito da gora.

Unguwar da aka kai shi sunanta Faratunam. Fatoman nasa mutumin Damagaram ne, ya shekara goma sha biyu a can yana aikin tura wa fatake kaya. Da ya ji an yi masa sallama da Hausa, falke ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Fatoma ya karanta takarda, ya tambayi ƙafar dattijo, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka san ma'anar Faratunam da harshensu? Ƙofar Ruwa. Ka baro Ƙofar Ruwa a Kano, ka sauka Ƙofar Ruwa." Suka yi dariya. Ya nuna masa wani dogon bene da ya tsaya a kan unguwar, mai hawa fiye da 80, ya ce in ya ɓace ya ɗaga kai ya nufo gindinsa.

Da aka kai shi ɗaki ya yi alwala zai rama sallolin da ke kansa. Ya leƙa ya ga inda rana ta karkata, ya juya mata baya kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya shimfiɗa darduma. Fatoma ya riƙo hannunsa ya ce, "A'a, Malam, nan ba a duban gabas. Ka wuce Makka tun jiya da dare, ka baro ta a baya." Ya juya shi yamma, da ɗan karkatawa arewa. Falke ya yi salla, amma ya daɗe zaune bayan ya sallame. Bahaushe in ya ce gabas, alƙibla ya ke nufi, har ya kan ce wane ba ya duban gabas. Ashe akwai inda in ka dubi gabas ka ba Ka'aba baya. Sai a sa'an nan ya gane nisan da ya yi da gida.

Da dare yunwa ta fitar da su. Titi duka ya zama kasuwar abinci, ga hayaƙi, ga ƙaurin barkono, ga warin wani ruwan kifi da su ke sa wa kome kamar yadda a ke sa daddawa. Ya ga tsire jere a kan garwashi ya nufa, fatoma ya ja shi, ya ce alade ne. Ya koya masa ya riƙa neman alamar halal da majalisar Musulmin ƙasar ke bayarwa, ko kuwa mace mai lulluɓi a bayan tukunya, gama Musulmi a Tailan kamar mutum biyar ne cikin ɗari. Suka ci wata shinkafa rawaya da kaza a rumfar wata tsohuwa, ta ce musu "Assalamu alaikum" da wata irin murya kamar tana waƙa.

Barci bai zo ba, don jikinsa na ganin magariba ce. Da asuba yana bakin taga ya ga waɗansu mutane masu aski ƙwal, sun yafa mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙo, suna tafe a jere. Malaman addinin Buda ke nan sun fito karɓar sadaka. Ya ce, ashe su ma suna da almajirai. Sai dai waɗannan ba su bara da baki, ba su tsayawa ƙofar kowa, masu bayarwa ne ke jiransu a bakin hanya, su tuɓe takalmi su zuba abinci, su kuma durƙusa.

Da hantsi suka shiga kasuwa, nan fa hankalinsa ya tashi. Lunguna ne matsattsu, sai mutum ya karkata kafin ya wuce, masu turin kaya na ta kutsawa. Rumfa ta fari, baƙaƙen riguna. Ta biyu, baƙaƙe. Suka bi layi guda har ƙarshe, baƙi da fari, baƙi da fari, har rigunan jarirai. Sarkin nan da ya rasu, Bumibol, wanda a ke kira Rama na Tara, ya hau gado tun 1946, ya shekara 70 yana sarauta, galibin mutanen ƙasar ba su san wani sarki ba sai shi. Gwamnati ta ce ma'aikatanta su sa baƙi shekara guda, ta roƙi sauran jama'a su yi makoki kwana 30, aka tsai da kiɗe-kiɗe da shagulgula. Baƙar riga ta yi wuya har hukuma ta gargaɗi 'yan kasuwa kada su tsawwala. Masu ɗinki duka suka koma baƙi.

Falke ya tsaya ya dafe ƙirjinsa, inda kuɗin su ke. Shi abin da ya kawo shi rigunan yara ne masu ja da kore da furanni, don kaka ta yi, manoma sun sami kuɗi, ga bukukuwa, ga Mauludi tafe cikin Disamba. Wa zai sai wa 'yarsa baƙar riga a Roni ta je zagayen Mauludi? Ya tuna shanunsa, ya tuna kuɗin jirgi da ya riga ya tafi, ya tuna bakin zanen yayarsa. Ya ce wa fatoma, "Malam, na kashe marayu." Fatoma ya ce ya yi haƙuri su ga abin da gobe za ta yi, don shi kansa bai taɓa ganin kasuwar haka ba.

Suna tsaye sai wata tsohuwa ta matso, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta sunkuya, irin gaisuwarsu, ta miƙo masa wani ɗan baƙin ƙyalle da allura. Fatoma ya ce wanda bai sami baƙar riga ba shi ya kan maƙala a hannun riga. Falke ya karɓa ya riƙe, bai maƙala ba, bai kuma yar ba. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura, amma shi yana tsoron kada abin ya zama na addininsu ne. Da azahar suka tafi masallacin Darul Aman, wanda ba shi da nisa da kasuwar. Ya tarar da Musulmin ƙasar, waɗansu da baƙi, da yawa kuma da fari, gama fari ma kayan makoki ne a wurinsu. Ya ce, to, wannan mai sauƙi ne. Ya koma masauki ya tuɓe shaddarsa ya ninke, ya sa farar rigar da ya zo da ita don Jumma'a.

A hanyarsu ta dawowa ne ya ga abin da ya daɗe yana ba da labarinsa. An girka manyan tukwane a wani fili, mutane sun yi layi kowa riƙe da tufafinsa masu launi, ana tsoma musu a baƙin rini kyauta, ana shanyawa a igiya. Talakawa ne waɗanda ba su da kuɗin sabuwar riga. Ya tuna marinar Ƙofar Mata, ya tsaya yana kallon wata yarinya ta miƙa jar rigarta, da gani ita ke nan gare ta, tana kallo aka nutsa ta. Da ƙarfe shida na yamma kuma suna tashar jirgi aka sa taken ƙasa, kowa ya ƙame inda ya ke kamar an dasa shi, har aka gama. Haka su ke yi kullum, safe ƙarfe takwas da yamma ƙarfe shida. Fatoma ya raɗa masa ya kama bakinsa game da gidan sarauta, don dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ta yanka wa wanda ya aibata sarki, ko kuɗi ma in ya faɗi kada ya taka, da hoton sarki a jiki.

Da dare falke ya kwanta yana tunanin jar rigar nan, sai wata tambaya ta faɗo masa. Kwana goma sha biyu da suka wuce kasuwar nan cike ta ke da kaya masu launi. To, ina suka tafi? Ai ba a rine su duka ba.

Gari na wayewa ya tashi fatoma. Suka je rumfar wata mata mai kayan yara, fatoma ya tambaye ta da harshensu. Ta dube su, ta ɗaga wani labule, ta hau da su wani ɗan tsani. Kai, gani ya kori ji! Ɗaki ne cike har rufi da dilolin rigunan yara, ja da shuɗi da rawaya, masu furanni da masu malam-buɗe-littafi, an danne su tun ran da sarki ya rasu, ba mai taya su. Kuɗinta duk sun kwanta a ciki, ga haya na jiranta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ciniki a can da na'urar lissafi a ke yi, tun da ba mai jin harshen wani. Kuɗinsu bat ne, a lokacin dala ɗaya kamar bat 35, watau bat ɗaya wajen naira 13. Matar ta danna 100 ta miƙo. Falke ya lissafa, naira 1,300 ke nan kafin kuɗin dako, ya girgiza kai ya danna 60. Ta danna 85. Ya danna 70, ya nuna mata da hannu dila nawa zai ɗauka. Ta yi shiru, ta danna 75, hannunta na rawa. Fatoma ya ce da Hausa, "Malam, juya kamar za ka tafi. Wallahi a matse ta ke, har 60 za ta sallama." Falke ya san gaskiya ne, shi ma ɗan kasuwa ne, an sha yi masa haka a ƙarshen damina. Ya dubi matar, sa'ar yayarsa ce, idonta ya kumbura. Kuɗin kuma ba nasa ne shi kaɗai ba, kowane bat da ya bari na marayu ne ya bari. Ya daɗe riƙe da na'urar. Can ya lissafa ya ga ko a 70 ribar ta fi wadda ya taɓa samu a Kwari nesa ba kusa ba, ya sake danna 70, ya ajiye na'urar a gabanta bai juya ba. Ta dube shi, ta haɗa hannuwa ta sunkuya. Fatoma ya ce, "Ka yi asarar bat goma goma." Falke ya ce, "Na ji."

Kwana huɗu suna haka, daga wannan ɗaki zuwa wancan, don matar ta gaya wa maƙwabtanta, har a kan tare shi a lungu a ja shi. Ya farke ɗinkin 'yar cikinsa, takardun nan arba'in suka yi ta raguwa har saura uku, na dako da guzuri. Bai ga fadar sarki ba, bai shiga jirgin ruwa a kogi ba, iyakarsa kasuwa da masallaci da masauki. Ran Asabar da yamma aka ɗaure kaya, aka aza a sikeli, fatoma ya rubuta nauyi da sunan wanda zai karɓa a Kano, ya ba shi rasit. Ya ninke ya sa inda kuɗin su ke a da, tare da ɗan baƙin ƙyallen tsohuwar nan.

Sa'an nan ya ari wayar fatoma ya buga Roni. A Bankok an yi magariba, a can ko azahar ba ta yi ba. Yaro ya kai wa yayarsa wayar a bakin murhu. Ya ce, "Yaya, an sayi kaya, sai addu'a su iso lafiya." Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kana cin abinci kuwa?" Ya ce shinkafa dai, safe da rana da dare. Ta ce to ya cire wa auta guda ɗaya ja, kada ya sayar da ita.